Shanu Uku a Allon Misbahu

Rugar Tsamiya, Buji
18 ga Satumba, 2000

Zuwa ga Malam Misbahu mai zane, Yalwawa, Dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da aikinka, amin.

Ba ka san ni ba. Sunana Hussaini, makiyayi ne ni a nan yamma da Buji. Wannan takarda da hannuna na rubuta ta, ba wanda ya kama mini. Shekara uku ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. In ka ga layi ya karkace kada ka yi dariya, hannun ya fi sabawa da sanda.

Malam Misbahu, an yi mini jika! Mace ce, sunanta Mashkura. Arzika direba, mai kai shanu Fatakwal, shi ya kawo mini labari ranar Laraba ina cikin tatsa. Na miƙe na bar ƙwarya a ƙasa, maraƙi ya shure ta, ban ko waiga ba. Tun ranar duk wanda na gamu da shi sai na gaya masa, wasu har sau biyu.

Uban yarinyar ɗana ne na fari, ka san mu ba ma kama sunan ɗan fari. Shekara shida rabona da shi. Dole in gaya maka dalili, domin aikin da nake so ya shafe shi. Ranar sunansa na ba shi karsana, kamar yadda muke yi wa kowane jariri. Wule muke ce mata saboda farin goshinta. Ta haifa masa shanu. Da ya girma sai ya sayar da su kaf, ya ce shi tuƙin mota zai koya a kudu. Raina ya ɓaci. A gaban mutane na je wurin dangwali, doguwar igiyar da muke ɗaure maruƙa, na kwance madaukinsa, na ce ba shi da sauran igiya a garkena. Ya tafi.

Abin da bai sani ba, bayan tafiyarsa na bi dillali har kasuwar Gujungu na sayo Fure, autar Wule, na dawo da ita gida. Shekara biyu da suka wuce ta haifi mace, goshinta fari sak na kakarta. Ita na ba jikata.

Ga aikin. Ina so ka zana mini su uku a allo ɗaya: Wule, da Fure, da karsanar. Mai ɗaukar hoto ba zai iya ba, domin Wule ta mutu tun kafin a yi jihar Jigawa. Kai kuwa na ga zakin da ka zana a bayan motar Arzika. Karena ya yi ta yi masa haushi har sai da aka ɗaure shi. Wanda ya ruɗi kare zai iya tayar mini da Wule.

In yaron ya ga allon zai gane abin da nake nufi. Bakina ba zai iya faɗa ba. Burina dai su kawo mini jikata da ƙaramar sallah in ɗauke ta da hannuna.

Ka ba Arzika amsa. Allah Ya yi wa hannunka albarka.

Ni ne,
Hussaini, kakan Mashkura.

*

Yalwawa, Dutse
23 ga Satumba, 2000

Zuwa ga Baba Hussaini.

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da girmamawa, da mutanen gida, da dukiya. Allah Ya raya Mashkura, Ya sa mai jin ƙai ce. Rubutunka kuwa, Baba, ya fi na wasu masu kawo mini aiki da takardar sakandare a aljihu.

Zan gaya maka gaskiya. Zakin nan aikin bara ne. Tun da aka ƙaddamar da shari'a watan jiya na rage zana abu mai rai. Masu aski uku sun kira ni na shafe kawunan da ke allunansu, yanzu almakashi da mataji nake yi musu. Motoci kuma furanni da dabino da masallaci. Ba wanda ya zo ya hana ni, zuciyata ce ba ta kwanta ba. Amma takardarka ta taɓa ni. Na je wurin malamin da nake ɗaukar karatu a hannunsa na tambaye shi. Ya ce akwai sharaɗi ɗaya, in na cika shi babu laifi. Saboda haka na karɓi aikin, kuma zan cika sharaɗin.

Ga gwaji nan na yi da fensir, ka duba. Sai dai akwai inda kaina ya ɗaure. Wadda ta mutu, yaya zan yi da ita, tunda ban taɓa ganinta ba? Ni a wurina, ka yi haƙuri, saniya saniya ce. Tunanina in zana guda ɗaya mai kyau, sai in maimaita ta sau uku: babba, madaidaiciya, ƙarama. Ta farko da ta ƙarshe in ɗiga musu fari a goshi, shi ke nan.

A bayansu kuma ko in sa bishiyar kwakwa da kogi da rana tana faɗuwa? Direbobi suna son haka ƙwarai.

Na gode da ka tuna da ni.

Ɗanka,
Misbahu mai zane.

*

Rugar Tsamiya, Buji
28 ga Satumba, 2000

Zuwa ga ɗana Misbahu.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. Takardarka ta zo, gwajinka ma ya zo.

Ɗana, mene ne wannan? Ina tozonta? Na juya takardar sama da ƙasa ko tozon yana wani gefe. Na nuna wa Adama, uwar yaran, ta duba ta ce, "Wannan ai ta jikin gwangwanin madara ce." Kuma ka ce saniya saniya ce. Na karanta wurin sau uku don in tabbata ba ni na karanta ba daidai ba. Kai in an ce a zana ka, sai a zana maƙwabcinka a rage masa tsawo?

Saurara. Wule baƙa ce, amma ba baƙin gawayi ba, baƙin tukunyar da ta daɗe a wuta, in rana ta doke ta sai ka ga ja-ja a ciki. Farin goshinta ya sauko har hanci ya karkata hagu. Ƙahonta na dama ya ɗan kwanta baya, kamar tana sauraron wani yana kiranta daga nesa. Idonta na mai haƙuri ne amma wadda ba ta mantuwa. Fure ruwan toka ce, mai faɗin ƙirji, mai son faɗa. Karsanar baƙa ce kamar kakarta. Dukkansu akwai tsaga biyu a kunnen hagu, alamar gidanmu ke nan. In babu tsagar nan, shanun wani ka zana.

Na ga takarda ba za ta iya ba. Ka hau mota ka zo ranar Asabar. Ka dubi Fure ka ɗauki tsayi da ƙirji, ka dubi karsanar ka ɗauki fuska, ka haɗa, ka ƙara shekaru. Wule ke nan. Kwakwa kuma ba mu da ita. Tsamiya ce a bayan garken, ita za ka sa.

Batun sharaɗi, madalla da kai. Na ce wa Adama, kin ga yaron kirki, sai ya yi alwala ya yi bisimilla kafin ya taɓa fenti. Ka cika shi da kyau.

Arzika zai tashi daga Dutse ranar goma ga watan gobe. In ka gama ka ba shi kai tsaye, kada ka kawo mini. Gero ya nuna, in na ɗaga ƙafa yini ɗaya shanu za su faɗa gonar mutane. Zan aiko maka da takarda ka haɗa da allon.

Sai ka zo. Akwai kindirmo yana jiranka.

Hussaini.

*

Rugar Tsamiya, Buji
8 ga Oktoba, 2000

Zuwa ga amaryata Mashkura, Fatakwal.

Assalamu alaikum, yarinya. Angonki ne, tsohon nan na Buji mai haƙori tara. Ina gaishe ki, ina gaishe da mai ba ki nono, Allah Ya ba ta lafiyar shayarwa. Ita ta yi hankali ta aiko mana da labarin zuwanki, ba mu taɓa ganinta ba amma mun gode mata.

An ce kina da ƙarfin murya, maƙwabta ba sa barci. Ki rage tun yanzu, ni ba na son mace mai tsiwa. An ce kuma hancinki dogo ne. Wannan namu ne, kada wani ya yi miki gardama. Arzika ya ce kin riƙe yatsansa kin ƙi saki. Na ce masa ya kiyaye ni, matar mutum ce.

Kakarki Adama ta aiko miki da man shanu a kwalba, a riƙa shafa miki. Ta ce in gaya miki ita ba ta cika ɗoki ba, amma ta sa an sake shafe ɗaki.

Ga allo na aiko. Ke ba ki san su ba tukuna. Ki nuna wa mutumin gidanku, shi ya san su. Ki ce masa ya zauna ya duba da kyau, ɗaya bayan ɗaya, daga babba zuwa ƙarama. Ni na ce a yi komai yadda yake, babu ɗigo ɗaya da aka sa ban sani ba. Abin da ya gani a allon nan shi ne maganata, ba ni da wata bayanta.

In ya gane, to ke ma kin san hanya. Damina ta yi kyau, nono ya wadata.

Allah Ya raya ki, Ya haɗa fuskokinmu.

Angonki,
Hussaini.

*

Yalwawa, Dutse
11 ga Oktoba, 2000

Zuwa ga Baba Hussaini.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, a gaishe mini da Inna Adama. Kindirmon nan har yau ina ba abokaina labarinsa.

Aiki ya kammala, jiya na damƙa wa Arzika tare da takardarka da kwalbar mai. Na naɗe allon da buhu biyu, na sa ya ajiye shi a gaba kusa da shi.

Baba, na janye maganata. Saniya ba saniya ba ce. Tun da Fure ta fizge gefen takardata ta tauna tana kallona na gane kowace da halinta. Kuma ba zan manta ba lokacin da ka ce, "Ba haka take tsayawa ba!" ka durƙusa ka karkata kai kana nuna mini yadda Wule take yi, Inna ta rufe baki da mayafi ta shige ɗaki. Wannan karkatar kan na sa ta. Da na gama fuskarta, wani dattijo mai sayar da tumaki ya tsaya a bakin shagona ya ce, "Wannan tsohuwar ta haihu da yawa." Ban gaya masa komai ba, shi ya gani.

Tozo yana nan, tsaga biyu tana nan a kowane kunnen hagu, tsamiya tana nan. Sharaɗin ma na cika shi a kan kowaccensu, a ƙarshe, da ɗan siririn buroshi, Arzika yana ta danna mini oda a waje.

Tun da nake ban yi aikin da ya kai wannan ba. Allah Ya sa a dace.

Ɗanka,
Misbahu.

*

Fatakwal
29 ga Oktoba, 2000

Zuwa ga angona na Buji.

Wa alaikumus salam, tsoho. Amaryarka ce Mashkura. Na ji gaisuwa, na ga mai, ana shafa mini kullum bayan wanka. A gaishe da kakata. Batun kuka ba zan rage ba, sai ka zo ka rarrashe ni.

Baffa, a gafarce ni. Ni ce Hindatu, surukarku. Na so in ƙarasa da bakin yarinyar amma abin ya fi ƙarfin wasa. Na san bai dace in yi muku magana kai tsaye ba, sai dai ba ni da wanda zan tambaya.

Ranar da allon ya iso, babanta ya kwance buhun da kansa. Yana ganin ta farko ya ce, "Wule!" ya zauna a ƙasa. Ya shafa ƙahon, ya shafa kunnen, yana dariya hawaye na zuba, yana cewa, "Har tsagar. Hindatu, zo ki gani, har yadda take karkata kai." Ya matsa ga ta biyu ya ce, "Fure? Fure da na sayar? Me ya kawo ta nan?" Ta ukun ya ce bai san ta ba.

Sai yatsansa ya kai wuya. Baffa, kowace akwai jan layi a wuyanta, daga sama har ƙasa, daidai inda ake sa wuƙa. Na ƙaramar har ya ɗan zubo. Sannan ya ce, "An yanka su."

Na ce, "Wataƙila ado ne."

Ya ce, "Ba a yi wa saniya ado da jini."

Na ce, "To ai ga takarda, duk wasa ce da murna."

Ya ce, "Takardar ta yarinya ce. Allon nawa ne. Ba ki ji ya ce maganarsa ke nan, ba shi da wata bayanta ba? Uwa da 'ya da jika. Ya yanke zuriyar."

Ya juya allon yana kallon bango. Da ya riga ya nemi hutu a wurin aikinsa don mu zo da sallah, tun kafin allon ya zo, yana ta tambayata ko ina ganin za a karɓe mu. Yanzu ya ce ba inda za mu.

Ni kaina ya ɗaure. Wata maƙwabciyarmu ta ce gayyatar walima ce, an yanka mana shanu uku. Wata ta ce in fitar da shi daga ɗakin da jaririya take kwana. Na tambayi Arzika ya ce shi a buhu aka ba shi, shanun kuma bai lura ba. Ban yarda wanda ya rubuta takardar nan zai yi nufin sharri ba, amma kuma jan layin yana nan, na goge da tsumma bai fita ba.

Baffa, don Allah wace ce ta ukun? Kuma me aka yi mata?

Bai san na rubuto ba. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

'Yarku,
Hindatu.

*

Rugar Tsamiya, Buji
9 ga Nuwamba, 2000

Misbahu.

Assalamu alaikum. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Ga takardar surukata na haɗo maka, ka karanta. Ni na karanta, na kai wa malamin ajinmu ya sake karanta mini ko na yi kuskure. Ban yi ba. Wai an yanka shanuna a allo.

Na tashi na je garke na shafa wuyan Fure, har ta kusa tunkuyina. Lafiya lau. Na shafa na karsanar. Lafiya lau. Adama ta ce, "Malam, ai ba waɗannan ake nufi ba." Na ce na sani, amma gara in duba. Ita Wule ko da ta zo mutuwa ba a yanka ta ba. An miƙo mini wuƙa na kasa, ta cika a kwance, muka haƙa rami ni da yaron muka rufe ta. To wa ya yanka ta yanzu bayan shekara goma sha uku?

Na yi tunanin ko wata saniya ce ta ji ciwo a motar Arzika jini ya fantsama. Amma jini ba ya bin wuya uku a jere, kuma ka ce a gaba ya ajiye. Na yi tunanin ko wani maƙiyi ne ya kwance buhun a hanya. Ni ban san ina da maƙiyi mai fenti ba.

Sai na tuna ka ce ka cika sharaɗi da siririn buroshi. A lokacin na ce a raina, yaya ake alwala da buroshi? Amma na ce ku 'yan birni kun fi mu sani.

Ɗana, wane sharaɗi ne? Sallah saura wata ɗaya da rabi, yaron ya ce ba zai zo ba.

Hussaini.

*

Yalwawa, Dutse
12 ga Nuwamba, 2000

Zuwa ga Baba Hussaini.

Wa alaikumus salam. Baba, ka yafe mini don Allah. Tun da na karanta takardun nan ban iya taɓa aiki ba. Ba jini ba ne, ba maƙiyi ba ne. Ni ne.

Sharaɗin ba alwala ba ce. Malam ya ce mini hoton abu mai rai, in aka raba kansa da jikinsa, ya tashi daga kamannin mai rai, sai ya zama kamar an zana itace. Ni kuma ban so in cire musu kai ba bayan duk wahalar da muka sha a kan fuskar Wule. Sai na yi yadda masu zane da yawa suke yi yanzu a nan, na ja siririn layi a wuya. Mu ko ɗan kaza muka zana a allon mai sayar da ƙwai muna ja masa. Na saba har na daina ganinsa. Ban taɓa kawowa a raina akwai wanda bai sani ba, shi ya sa ban yi bayani ba.

Batun ja kuma, na fara gwada baƙi, bai fito a jikin Wule da karsanar ba. Na gwada fari, ya ɓace a jikin Fure. Ja ne kaɗai ya fito a duka ukun. Na ƙaramar da ya zubo, saurin da Arzika ya sa ni ne, na naɗe kafin ya gama bushewa.

Jiya na koma wurin malam na ba shi labari. Ya yi salati ya ce, "Ni na ce maka ka yanka wa Bafulatani shanu?" Na ce ni ma ban yanka ba. Ya ce, "To wa ya yanka?" Wani ɗalibinsa ya ce ai shi ya ji layin ma bai wadatar ba, wani ya ce tun farko ba a buƙatarsa, suka kama gardama na bar su.

Ka ba ni izini in rubuta wa ɗanka in gaya masa laifina ne. Ko in zana wani allon, shanun suna bayan tsamiya wuyansu a ɓoye. Ko in zana ƙahoni da kunnuwa kawai suna leƙowa daga cikin ciyawa. Duk wanda ka zaɓa zan yi.

Ɗanka mai neman gafara,
Misbahu.

*

Rugar Tsamiya, Buji
19 ga Nuwamba, 2000

Zuwa ga ɗana Nasrullahi.

Assalamu alaikum. Ka ga na rubuta. Na tambayi malamin ajinmu ko rubuta suna daidai yake da kama shi. Ya ce bai sani ba, ba a taɓa tambayarsa ba. Sai na rufe bakina gam na rubuta. Uwarka tana tsaye a bakin ƙofa ta juya baya.

Ina gaishe ka. Ina gaishe da Hindatu. Kada ka yi mata faɗa don ta rubuto mini, ta fi ni da kai hankali.

Ba a yanka komai ba. Jan layin mai zanen ne ya sa, saboda wani sharaɗi na malaminsa a kan hoton abu mai rai. Ya yi mini bayani, rabi na gane rabi ban gane ba. Yaron kirki ne, ba ya nufin komai. Ni kuma ƙarya na yi da na ce ba ɗigon da aka sa ban sani ba. Ban taɓa ganin allon ba. Ɗoki ne ya sa ni cika baki.

Ya ce zai rubuto maka, na ce a'a. Na aiki allo ya yi mini magana, ya je ya faɗi abin da ban ce ba. Ba zan sake aiken kowa ba.

Ga maganar. Fure tana nan. Bayan tafiyarka na bi ta Gujungu na dawo da ita, ban gaya wa kowa dalili ba. Ta tsufa amma faɗan yana nan. Ta ukun da ba ka sani ba 'yarta ce, jikar Wule. Ta Mashkura ce, na ba ta tun ranar da na ji an haife ta, a gaban shaidu. Tana da ciki, in Allah Ya yarda kafin damina za ta haihu.

Abin da na faɗa a gaban mutane zafin rai ne. Madaukin da na kwance, washegari da asuba na mayar da shi. Shekara shida ban ɗaure maraƙin kowa a ciki ba. Ƙannenka suna tambaya, in ce musu ya lalace.

Na tsinko gashin wutsiyar karsanar na sa a cikin takardar nan don ka tabbata tana da rai. Yanzu uwarka ta juyo ta ce ai yankakkiya ma tana da gashi. Gaskiyarta. To ban san me zan aiko ba kuma. Sai dai ka zo ka shafa wuyan da hannunka.

Ka kawo mini yarinyar nan. Ƙarfina ya fara raguwa, ina so in ɗora ta a bayan saniyarta tun ina iya ɗaga ta.

Allah Ya yi maka albarka. Wannan ma na daɗe ban faɗa ba.

Mahaifinka,
Hussaini.

*

Fatakwal
10 ga Disamba, 2000

Zuwa ga Baffa.

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa. Ina durƙushe ina gaishe ku, ku da Inna, a yafe mini.

Takarda ta zo. Layin farko na daɗe ban wuce shi ba.

Za mu taso ranar ashirin da biyar ga azumi, mu uku, da allon. Mashkura ta ce a gaya wa angonta kada ya ji kunyar haƙori tara, ita ko ɗaya ba ta da shi.

A gaya wa mai zanen ya tanadi fenti. Kada ya shafe layin, ya riƙe sharaɗinsa. Ya ƙara masa kauri ya mayar da shi igiya, ya ja ta daga wuyan Wule zuwa na Fure zuwa na karsanar. A ƙarshenta ya bar madauki ɗaya ba kowa a ciki.

Ɗanku,
Nasrullahi.